SABON DINAMO DA TSOHUWAR KURUWA: A DUBA FULI KAFIN A BIYA KUƊI



Yawancinmu ba mu da kamiyo. Amma kusan duk abin da muka noma ko muka kiwata, a bayan kamiyo yake zuwa kasuwa. Albasar Galmi da ta Madawa, waken Maraɗi, gyaɗar Damagaram, shanu da ragunan Abalak da na Tanut, duka mota ce take ɗaukarsu. Akwai garuruwan da ƙungiyar manoma ta haɗa kuɗi ta sayi kamiyonta. Akwai kuma iyayen da suka sayar da bisashe suka saya ma ɗansu ƙaramar motar kaya, don ya riƙa bin kasuwanni.

In mota ta mutu a daji, mai kaya shi ne ya fi shan wahala. Ana cire albasa a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi yake wuce digiri 40. Buhun albasar da ya kwana uku cikin rana a bakin hanya, ya fara ruɓa. Bisashen da aka cunkusa a bayan mota babu ruwa babu inuwa, ba sa isa kasuwa da ƙibarsu. Wani lokaci ma ba sa isa da rai.

Sau da yawa abin da yake tsayar da mota ƙarami ne. Wannan wata za mu yi magana a kan ɗaya daga cikinsu. An sa ma mota sabon dinamo, an biya kuɗi, an kama hanya, sai kuruwa ta tsinke. Aka sa wata, ita ma ta tsinke. Sai a ce an sayar ma mai mota da jabun dinamo. Alhali dinamon lafiyarsa lau. Fulin da yake bakinsa ne bai dace da kuruwar motar ba.

MENE NE AIKIN DINAMO?

Batir kamar randa yake. Ana ɗibar wuta daga cikinsa don tayar da inji, da kunna fitilu, da busa oda. In ana ɗiba ba a zubawa, randa za ta ƙafe. Dinamo shi ne mai zuba wuta cikin batir. Motocin yanzu suna aiki da wani irinsa da makanikai suke ce ma altarnatar, amma a bakin jama'a duka dinamo ne. Mu ma haka za mu kira shi.

Dinamo ba ya juyawa da kansa. Inji ne yake juya shi. A gaban inji, daga ƙasa, akwai wani faifan ƙarfe mai kwari a gefensa. Shi ne ake ce ma fuli. A bakin dinamo akwai wani fuli ƙarami. Igiyar roba ce take haɗa su. Ita ce kuruwa, wadda ƴan'uwanmu na Najeriya suke ce ma fambel.

A motoci da yawa, kuruwar nan ɗaya ita ce take juya famfon ruwa da fankar da take sanyaya radiyatar. To, in ta tsinke, abu biyu ne ya tsaya: batir ba ya samun wuta, ruwa kuma ba ya zagaya cikin inji. In direba bai lura ba, cikin mintoci kaɗan inji zai tafasa. Gyaran injin da ya ƙone ya fi kuɗin kuruwa ɗari.

MISALIN RIJIYA

Makiyayin da yake shayarwa a rijiya mai zurfi ya riga ya san wannan magana. A bisa bakin rijiya akwai abin nan mai juyawa da ake ɗora igiyar guga a kansa, sa ko raƙumi ya ja. In igiya ta yi kauri, ba ta zama cikin kwarinsa, sai ta hau gefe ta faɗi. In an kafa shi a karkace, igiya tana gogar gefe ɗaya har ta cinye. Makiyayi ba zai zagi igiya ba. Zai gyara abin da take gudu a kansa.

Haka fuli da kuruwa suke. Kowace kuruwa tana da irin fulinta.

DON ME ABIN YA YAWAITA A ƘASARMU?

Motocinmu tsofaffi ne, kayan gyaran kuwa daga ko'ina suke zuwa. Kamiyon Berliet na Faransa, tun 1978 kamfaninsa ya haɗe da Saviem a ƙarƙashin Renault, kuma daga 1980 aka daina sa sunan Berliet a sababbin motoci. Mercedes ɗin nan mai guntun hanci, an ƙera shi a Jamus daga 1959 har zuwa 1995. Duk wanda yake da irin waɗannan motoci ya san samun kayansu na asali yana da wuya. Sai a shiga kasuwa a Yamai, ko Maraɗi, ko Damagaram, ko a haura Kano, a nemo dinamo na hannu, wanda ake ce ma okaziyo. Galibi an kwance shi ne daga wata mota dabam. Ko kuma a sayo sabo wanda aka yi don motoci iri-iri.

Mai sayarwa zai ce: “Ai duka ɗaya ne, zai shiga.” Gaskiya ne zai iya shiga mazauninsa, notuna su kama. Amma fulin da ya zo da shi na waccan motar ne.

KURUWA IRI BIYU CE

Ta farko ita ce ƴar siririya mai kauri. In ka yanka ta ka duba bakin yankan, sama ya fi ƙasa faɗi, kamar baƙin V. Wani Ba'amurke mai suna John Gates ne ya fito da ita a 1917. Ita ce a tsofaffin kamiyo, da tarakta, da injin niƙa. Abin da ya kamata a riƙe game da ita shi ne: da gefunanta biyu take kama fuli. Cikinta bai kamata ya taɓa ƙasan kwari ba. Ranar da ta zauna a ƙasan kwari, ta daina kamawa, sai sulɓi.

Ta biyu mai faɗi ce, ba ta da kauri, cikinta layi-layi ne. Fulinta shi ma layi-layi ne. A 1979 kamfanin Ford na Amurka ya fara sa irinta guda ɗaya doguwa wadda take zagaya dukan fulayen inji. Yau yawancin sababbin motoci, manya da ƙanana, ita gare su.

Kuruwa mai V ba ta gudu a fuli mai layi. Mai layi ba ta gudu a fuli mai V. Babu dabarar da take haɗa su. Wanda ya ce zai ɗaure da ƙarfi ta zauna, kuɗinka zai ɓata.

KARATU YA YI RANA: LAMBAR KURUWA

A bayan kowace sabuwar kuruwa akwai rubutu. Wanda ya shiga ajin yaƙi da jahilci zai iya karanta shi, ba sai ya dogara da bakin mai kanti ba.

In ka ga AVX 10 x 1000, kuruwa ce mai V. Lamba ta farko faɗinta ne: milimita 10. Ta biyu tsawonta ne in an zagaya ta: milimita 1000, wato mita ɗaya. In ka ga AVX 13 x 1000, tsawon ɗaya ne, amma faɗin milimita 13 ne. A tsofaffin kuruwoyi ana rubuta 9,5 a madadin 10, da 12,5 a madadin 13. Duk abu ɗaya ake nufi.

In ka ga 6PK 1200, mai layi ce. Layinta 6, tsawonta milimita 1200. Daga layi zuwa layi milimita 3 da rabi ne da ɗan ɗoriya. Saboda haka mai layi 6 faɗinta ya ɗan wuce milimita 21, mai layi 8 kuwa ya ɗan wuce 28.

Tsakanin 10 da 13, milimita 3 ne kawai. Ido bai cika ganinsa ba a cikin kanti mai duhu. Amma shi ne yake tsayar da kamiyo mai tan goma. Ga shawara: ranar da aka sa kuruwar da ta dace, a rubuta lambarta a takarda, a ajiye tare da takardun mota. Bayan wata biyu mai da ƙura sun shafe rubutun.

ABU BIYAR DA ZA A GWADA

Kada a je sayen dinamo hannu sake. A kwance tsohon, a tafi da shi, a tafi da tsohuwar kuruwa. A ajiye tsoho da sabo gefe da gefe a kan tebur, a gwada abu biyar.

1. Faɗin kwari. A ɗora kuruwar a cikin kwarin sabon fuli, a danna da yatsa. Bayanta ya zo daidai da leɓen fuli, ko ya ɗan ɗara kaɗan. In ta nutse can ciki, kwarin ya yi mata faɗi: za ta zauna a ƙasa ta riƙa sulɓi. In rabinta yana waje, kwarin ya yi mata ƙunci: za ta riƙa gudu a kan leɓe, gefunanta su cinye, wata rana ta kife ko ta yi tsalle ta fita.

2. Yawan kwari. Kamiyo da yawa kuruwa biyu ne suke jan dinamonsu, gefe da gefe. In sabon fuli kwari ɗaya gare shi, an bar ma kuruwa ɗaya aikin biyu. In kwari biyu ne, a duba tazarar da take tsakaninsu ta yi daidai da ta fulin inji. A fuli mai layi kuwa, a ƙidaya layin da farce. Kuruwa mai layi 8 a kan fuli mai layi 6 za ta hau leɓe, leɓen ya yanke ta kamar wuƙa. Wasu suna yanke layi ɗaya ko biyu da reza don ta shiga. Sun rage mata ƙarfi ke nan, kuma sauran fulaye suna nan da nasu layin.

3. Girman fuli. A zagaya tsohon da zare, a yi ƙulli, a zagaya sabon da zaren nan. In sun bambanta da yawa, akwai magana. Za mu yi bayaninta a gaba.

4. Nisan kwari daga mazauni. Dinamo yana da ƙafar da ake ɗaure shi da ita a jikin inji. A auna daga ƙafar zuwa tsakiyar kwarin fuli, a tsoho da sabo. In sabon ya fi fitowa gaba, ko ya fi shigewa baya, kuruwa za ta riƙa gudu a karkace.

5. Kaurin sanda. Fuli yana zaune ne a kan sandar ƙarfen da ta fito daga cikin dinamo. Da yawa kaurinta milimita 17 ne. Akwai masu 15. Wasu manyan dinamon kamiyo nasu ya kai 22. Tsofaffi suna da wani ɗan ƙarfe mai kamar rabin wata wanda yake hana fuli zamewa a kan sanda. Sababbi da yawa ba su da shi, noti kaɗai ne yake matse fulin. Sanin wannan yana da amfani in za a musanya fuli.

LISSAFIN GIRMAN FULI

Dinamo yana son gudu. Ba ya fara ba da wutar kirki sai ya kai juyi 1000 zuwa 1500 a minti ɗaya. Shi ya sa ake yin fulinsa ƙarami, na inji babba, don ya riƙa juyawa sau biyu ko sau uku a duk juyi ɗaya na inji.

Mu yi misali. A ce faɗin fulin inji milimita 180 ne, na dinamo 60. A raba 180 da 60, an sami 3. In mota tana tsaye inji yana juyi 600 a minti, dinamo yana yin 1800. Wuta tana shiga batir.

To, a ce sabon dinamo ya zo da fuli mai milimita 90. A raba 180 da 90, an sami 2. Yanzu dinamo juyi 1200 kawai yake yi in mota tana tsaye. Da ƙyar yake ba da wuta. Motar da take bin kasuwannin ƙauye, tana tafiya sannu cikin rairayi, tana tsayawa nan da can, ga fitilu a kunne da dare, batirinta ba zai taɓa cika ba. Da safe sai turi. Sai a ce batir ya mutu, a sayi sabo, shi ma ya bi sawun na farko.

In kuma fulin ya yi ƙanƙanta, a ce milimita 45, an sami 4. A kan kwalta inji yana juyi 2500, dinamo yana yin 10,000. Manyan dinamon kamiyo da yawa ba a yi su don wannan gudu ba. Rulmansu, wato boris, yana zafi ya lalace. Ban da haka, ƙaramin fuli wuri kaɗan yake ba kuruwa ta kama, kuma yana lanƙwasa ta da yawa, sai ta tsattsage da wuri.

Girman fuli yana taɓa tsawon kuruwa ma. Fulin da ya fi na da da milimita 20 yana cin ƙarin kuruwa wajen milimita 20 zuwa 30. Sai ka ga tsohuwar lamba ta ƙi shiga. In fulin ya fi ƙanƙanta, sai ka ja dinamo har ƙarshen ƙarfen da ake ɗaure shi, kuruwa tana nan sako-sako. Motocin da suke da kuruwa mai layi, da yawansu suna da wani ƙaramin fuli mai sifirin wanda yake matse ta da kansa. Shi ma iyakarsa kaɗan ce. In tsawon bai yi daidai ba, ba zai iya matsewa ba.

DINAMO MAI ƘARFI YANA SON KURUWA MAI ƘARFI

A jikin dinamo akwai ƴar takarda ko ƙarfe mai rubutu, kamar 28V 35A. Baƙin A yana nufin amfer, wato yawan wutar da yake iya bayarwa. Mutane suna son mai amfer da yawa, saboda ƙarin fitilu da cajin waya. Ba laifi ba ne. Amma wuta ba ta zuwa kyauta. Dinamon kamiyo mai amfer 35, in yana aiki sosai, yana jan ƙarfin doki 2 zuwa 3 daga inji. Mai amfer 80 yana jan doki 5 zuwa 6. Duk ƙarfin nan ta cikin kuruwa yake bi.

Siririyar kuruwa ɗaya mai milimita 10 wadda ta ishi tsohon dinamo, tana iya kasa jan sabon. Alamarta ita ce ƙara da safe in an tayar da inji, ko in an kunna fitilu duka. Kafin a sayi babban dinamo, a tambayi makaniki ko fulayen motar za su ɗauki kuruwa biyu ko mai faɗi. Jakin da aka saba ɗora ma buhu ɗaya, in za a ɗora masa biyu sai an sake akumari.

MAFITA: TSOHON FULI A KAN SABON DINAMO

Sau da yawa maganin yana hannunka. Dinamo ne ya mutu, fulinsa bai mutu ba. In kaurin sanda ɗaya ne, makaniki zai iya kwance fulin tsohon ya mayar a kan sabon. Da haka kwari, da girma, da lambar kuruwa duk sun koma yadda suke. Don haka kada a bar ma mai kanti tsohon dinamo, kada a sayar ma masu awon ƙarfe, sai an tabbata sabon ya zauna lafiya.

Amma a lura da waɗannan:

A duba tsohon fulin. Ƙurar hunturu da rairayi suna cin ƙarfe sannu a hankali. In gefunan kwari sun lotsa, ko ƙasan kwari yana ƙyalli kamar madubi, fulin ya gaji. Ga gwaji mai sauƙi: a shafa alli a ƙasan kwari, a tayar da inji minti biyu, a kashe, a duba. In allin ya goge, kuruwa tana taɓa ƙasa.

In ramin fuli ya fi sanda faɗi, kada a cusa gwangwani ko waya don ya kama. Zai riƙa rawa, ya ci sandar. In ramin ya yi ƙunci, mai injin sassaƙa ƙarfe ne zai buɗe shi daidai tsakiya. Ba aikin zarto da guduma ba ne.

Kada a bugi sanda da guduma. Bugun yana kashe rulma tun kafin dinamo ya fara aiki.

Tsofaffin dinamo suna da fanka a bayan fuli. Wasu fankokin gefe ɗaya kawai suke jan iska. A tabbata fankar ta dace da gefen da injin yake juyawa, kuma ba ta gogar jikin dinamo.

Wasu sababbin motocin gazuwal suna da fuli na musamman. In ka riƙe sanda ka juya shi, gefe ɗaya yana kamawa, gefe ɗaya yana sakewa, kamar bayan keke. An yi shi don ya rage fizgar da inji yake yi ma kuruwa. Ba lalacewa ya yi ba. Kada a yi masa walda, kada a musanya shi da sandararre. Kwance shi yana son kayan aiki na musamman.

SAITI DA ƊAURI

Kafin a taɓa kome, a kashe inji, a zare makulli, a cire wayar batir ta gefen da aka yi ma alamar ragewa (–). Mai babbar riga ko rawani ya tuɓe, ko ya tsaya nesa. Kuruwa mai gudu ba ta san riga ba, ba ta san yatsa ba.

In an ɗaura dinamo, a duba saiti. A sami sandar ƙarfe miƙaƙƙiya, a kwantar da ita cikin kwarin fulin inji, a sauke ɗaya bakin wajen fulin dinamo. Ya kamata ta faɗa tsakiyar kwarinsa. In ta kauce, a gyara da zoben ƙarfe a bayan fuli ko a ƙafar dinamo. Kuruwa mai layi ta fi tsanani a nan: in ta kauce da layi ɗaya, ba za ta daɗe ba.

Kada a tura kuruwa kan fuli da sukundireba ko ƙarfen taya. Akwai zaruruwa a cikinta, su ne ƙarfinta. In sun tsinke daga ciki, ido ba ya gani, sai a hanya. A sassauta dinamo, a sa ta da hannu, kana a ja.

Ɗaurin kuruwa mai V: a danna ta da babban yatsa a tsakiyar wurin da ya fi tsawo tsakanin fuli biyu. Ta lotsa kamar milimita 10 zuwa 15, wajen kaurin ɗan yatsa. In ta yi sako-sako, sulɓi da zafi. In ta yi tauri kamar tsarkiyar baka, za ta kashe rulman dinamo da na famfon ruwa. Sabuwar kuruwa tana miƙewa. A bar inji ya yi aiki kamar minti 15, a sake dubawa. Bayan tafiyar farko a kuma dubawa.

In kuruwa biyu ne, a sake su tare, lamba ɗaya, kamfani ɗaya. In an haɗa sabuwa da tsohuwa, tsohuwar ta riga ta miƙe, sabuwar kaɗai za ta yi aikin. Kamar a haɗa ƙaton sa da ramamme a garma ɗaya ne.

ABU BIYU BAN DA FULI

Na ɗaya, ƙarfin wuta. Manyan kamiyo galibi volt 24 ne, batir biyu a haɗe. Ƙananan motoci galibi volt 12 ne. A jikin dinamo za a ga 12V ko 14V ga ƙananan, 24V ko 28V ga manyan. Kamanninsu yana iya zama ɗaya. A karanta. In an gama aiki, makaniki ya sa ma'auni a kan batir inji yana gudu: ya nuna wajen 14 ga ƙaramar mota, wajen 28 ga babba. Kada a yarda a cire wayar batir inji yana gudu wai don a gwada dinamo. Wannan gwaji yana ƙona kayan cikinsa.

Na biyu, birki. Wasu ƙananan motocin gazuwal na ƙasar Japan suna da ɗan famfo manne a bayan dinamo, da bututun mai da na iska. Shi ne yake sa birki ya yi taushi a ƙafa. In tsohon dinamo yana da shi, dole sabon ya kasance da shi. Wannan maganar rai ce.

ALAMOMIN DA KOWA ZAI IYA GANEWA

Ba sai makaniki ba. Mai kaya da yake zaune gaban mota, ko sakataren ƙungiya, zai iya lura da waɗannan:

Ƙara mai tsini in an tayar da inji ko an kunna fitilu.
Warin ƙonanniyar roba.
Baƙin gari kamar na gawayi a jikin dinamo.
Gefen kuruwa ɗaya ya cinye, ɗayan yana nan, ko zare yana fita: saiti ne ya kauce.
Gefunan kuruwa suna ƙyalli: sulɓi take yi.
Jar fitilar batir a gaban direba tana kamawa in mota ta tsaya, tana mutuwa in an taka mai.
Fitilu suna dushewa da dare.

Tsohon injin gazuwal yana iya ci gaba da tafiya ko batir ba ya samun wuta. Direba sai ya ce babu kome. Sai an tsaya salla an kashe inji, ya ƙi tashi. In jar fitila ta kama cikin tafiya, a tsaya nan take, a buɗe gaban mota, a duba ko kuruwa tana nan.

Kuma kada a shafa ma kuruwa mai, ko sabulu, ko kyandir don ta yi shiru. Ƙarar tana gaya muku akwai ciwo. Mai kuwa yana ruɓar da roba.

KAFIN A KAMA HANYA

Daga Damagaram zuwa Agadas ya fi kilomita 400. Daga Tawa zuwa Agadas ma tafiya ce mai nisa, garuruwa jefi-jefi. Ko a babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram, ba kowane gari ne yake da kuruwa mai lambar motarku ba. A riƙa tafiya da kuruwa ta ajiya, wadda aka riga aka gwada ta shiga. A sa ta cikin leda, nesa da rana da mai.

Ƴan ƙungiya, in an kawo muku takardar kuɗin sabon dinamo, ku yi tambaya uku kafin ma'aji ya buɗe akwati. Ina tsohon dinamo da fulinsa? An gwada fulin sabon da na tsohon? Mece ce lambar kuruwar da aka sa? Makanikin kirki ba ya jin haushin tambaya. Matambayi ba ya ɓata.

Abin da muka faɗa a kan kamiyo, haka yake ga tarakta, da injin niƙa, da injin ban ruwa mai kuruwa. Wanda ya karanta wannan, ya karanta ma direban garinsu da yaron motarsa.

Allah shi kai kayanmu kasuwa lafiya, shi maido matafiya gida lafiya.